Tarin Jar Motar Gwadabe

Ranar da Gwadabe bakanike ya sa aka turo jar motar nan ƙofar gidansa a Limawa, matarsa Zaituna ta fito da ludayi a hannu. Ta zagaya motar, ta leƙa ciki, sannan ta ce, "Malam, ina sauran?"

"Sauran me?"

"Sauran motar mana. Na ga kujera biyu, ban ga rufi ba. Ko kashi-kashi ake ba ka ita?"

Ya ce haka Turawa suka ƙera ta, motar gudu ce, ba ta kwasar jama'a ba.

"Gudu zuwa ina? Garin nan titi ɗaya ne. Kafin ka sa giya ta uku ka faɗa gonar mutane."

Ya ce ita ba ta san mota ba. Ta ce amma ta san gidanta. Ga ta, ga yara, ga tsohuwarsa, ga buhun geron da ake aiko musu daga Miga, ya nuna mata inda kowa zai zauna. Gogan naku ya zagaya baya da ƙarfin hali ya buɗe wani ɗan akwati da ko tukunyar suna ba zai ɗauka ba. Zaituna ta leƙa ta ce, "Alhamdu lillahi, kazata ta sami ɗaki." Ba wasa take ba kuwa. Kafin sati kazar ta kwanta kan ƙwai a ciki, Zaituna ta rantse duk wanda ya tashe ta shi zai kwanta a madadinta. Sai da kazar ta ƙyanƙyashe sannan Gwadabe ya sami izinin taɓa motarsa.

Ni taubashiyarsa ce, uwata da ubansa ɗakinsu ɗaya, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa halas ne, shi ma ya sani.

A wani ƙauye kusa da Miga aka haife shi. Tun yana ƙarami fartanya ta ƙi shi, shi ma ya ƙi ta. In an tura shi gona sai a tsince shi a bakin hanya yana shaƙar hayaƙin motar kasuwa kamar turare. Da ubansa ya gaji, sai ya haɗa shi da wani direba aka kai shi Kano koyon gyara. Ya yi shekaru a ƙarƙashin motocin mutane, har muka manta kalar fatarsa ta ainihi. A can ya haɗu da Barau, mutumin wajenmu ne shi ma, wanda ya koyi aikin wayar mota, abin da ake kira rewaya. Da aka ba mu jiha, ma'aikata suka cika Dutse da tsofaffin motocinsu, su kwana ofis su gudu Kano ranar Juma'a, sai su biyun suka tattaro suka dawo. Suka kafa gareji a gindin wata darbejiya, Gwadabe da kayan sifanarsa a gabas, Barau da bencinsa da batura a yamma. Inji na Gwadabe, wuta ta Barau. Ba wanda yake shiga gonar wani.

Gaskiya guda zan faɗa, ko da ba na son yabonsa: mutumin nan yana da kunne. Mota za ta shigo tana kuka, bai ɗago daga inda yake ba zai ce filogi na uku ne. Sai ya ɗauko doguwar sukuddireba, ya dafa bakinta a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai jin karatu. Wayoyin filogi da hannu yake zare su ɗaya bayan ɗaya inji na tafiya, wuta na fizgarsa yana cewa gaisawa suke. Har ya kai direbobin Jahun da Kiyawa suna cewa in motarka ta rikice ka kai wa Mai Kunne. Sunan ya hau masa kai, kan kuma dama ba ƙarami ba ne.

Jar motar wani tsohon ma'aikaci ne ya zo da ita daga Kano a bayan babbar mota. Shi ma wani Bature da ya yi wa aiki ne ya bar masa. Ta shekara a gindin darbejiya awaki na hawa, da ma'aikacin ya tashi ritaya ya ce wa Gwadabe, in ka tashe ta taka ce. Ya kuwa tashe ta. Kafireto biyu gare ta, wato abin da ke gauraya mai da iska, kuma dole su riƙa shan iska daidai wa daida, sai ka gan shi da guntun tiyo a kunne yana sauraron wannan yana sauraron wancan, yana murɗa ɗan ƙaramin noti kamar mai sa wa jariri kwalli. Barau ya sake mata waya tun daga fitila har wutsiya. Ranar da ta fara fita titi, Gwadabe a ciki ya ɗaure hula da rawani don kar iska ta ɗauke, garin nan kaf sai da ya fito kallo.

Kallon nan ne ya tsorata shi. Kowa ya gani sai ya ce kai, wannan mota, ba mai cewa tubarkalla. Ya ji tsoron kambun baka, ya lallaɓa wani ƙauye wurin wani tsohon malami ya karɓo laya. Da yake shi mai dabara ne, sai ya ce zafin inji da baƙin mai za su cinye fatar. Ya yanka gwangwanin madara ya naɗe ta tsaf, ya ɗaure da wayar ƙarfe, ya rataye can ƙasa a lungun inji, bayan kwayil, wato kwalbar ƙarfen nan da ke haɗa wutar da filogai ke sha. Wurin ko da fitila sai ka san da abu za ka gan shi. Shekaru suka wuce lafiya.

Sai aka ƙaddamar da shari'a. Mutane da yawa sun gyara halinsu tsakani da Allah, na gani da idona. Shi ma Gwadabe ya gyara, sai dai shi komai zai yi sai an ji ƙararsa. Ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ya kama sahun gaba a bayan Malam Sharhabilu, wani matashin malami da ke wa'azi a masallacin unguwarmu. Ranar da malamin ya yi magana a kan layu, Gwadabe ya dawo gida ya tsinke na wuyan 'ya'yansa da na ƙugun tsohuwarsa, ya haƙa rami a ƙofar gida, ba a cikin gida ba, ya binne mutane na kallo. Direba ya shigo gareji da laya a jikin madubi, sai ya sha wa'azi kafin a buɗe masa bonet. Ta cikin jar mota kuwa tana nan. Ya gaya min daga baya wai ya ce wa ransa ai ba a jikinsa take ba, ta mota ce, mota kuma ba a yi mata hisabi.

A cikin shekarar ne motar ta fara tari. Masu gareji suna cewa misin. A tsaye lafiya lau, ka ɗora kofin shayi a kanta ba zai zube ba. A kan kwalta ma ba laifi. Amma da ta hau gargadar hanyar burji sai ta shiga shaƙewa, ta yanke numfashi, ta dawo, ta sake yankewa, sannan ta saki wata tusa ta salansa da ke watsa tumakin mutane. Rannan ya ɗauki Zaituna zuwa Miga gaisuwar rasuwa, suka shiga gari motar na harbi, masu zaman makoki suka miƙe tsaye. Zaituna a bas ta dawo.

Ya canza filogai. Ya canza kwantak, ɗan ƙarfen da ke sakin wuta yana yankewa. Lokacin ana wahalar mai, sai ya ɗora laifin a kan 'yan bumburutu masu gauraya fetur da kananzir, ya sauke tanki ya wanke, ya riƙa tace mai da tsohon ɗankwalin matarsa. Ya wargaza kafireto biyun ya busa kowace ƙofa da baki har leɓɓansa suka yi fari. Ya sa sabon kwayil. Duk sanda hannunsa ya kai lungun nan sai ya ture layar gefe da bayan hannu, ya kau da kai, kamar wanda ya haɗu da surukarsa a hanyar ban ɗaki. Tari bai fasa ba. Direbobi suka fara raɗa, suna cewa kunnen ya toshe.

Da ya rasa yadda zai yi sai ya ce Barau ya zo su fita tare ya ji. Barau kuwa yana da ɗabi'a, ba ya shiga mota gwaji sai ya buɗe bonet ya bi wayoyinsa da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Gwadabe ya san haka. Tun kafin Barau ya iso sai ya zura hannu ya lalubo layar ya jefa aljihu, ko kallonta bai yi ba. Suka hau gargada har suka gaji, mota kamar amarya, ko atishawa. Da yamma ya mayar da abarsa, washegari ya fita shi kaɗai, tari ya dawo. Haka aka yi ta yi. Barau a ciki, lafiya. Barau ba ya ciki, tusa. Da wata tsohuwa aka ba wa labarin nan dalla-dalla da ta gano tun a karo na biyu. Amma Gwadabe bai taɓa lissafa cire layar a cikin abin da ya yi ba, don ko a ransa ba ya yarda ya ambace ta.

Wata rana bayan la'asar, a teburin mai shayi, direbobi sun cika benci, wani ya tsokano maganar. Barau ya ce, "Ni dai duk sanda na shiga ban ji komai ba. Anya Injiniya ba ƙafarka ce ke rawa a kan totur ba?"

Aka yi dariya. Gwadabe bai yi ba. Ya ce, "Ai shi ne abin da nake ta tunani."

"Tunanin me?"

"Ta san wanda ya ɗaure ta, shi ya sa take ladabi in ta gan shi."

Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Barau ya ajiye kofinsa a hankali ya ce, "Maimaita, ban ji da kyau ba."

Ya maimaita, har da ƙari. Ya ce ba wayar da hannun Barau bai taɓa ba a motar nan, kuma tun da aka fara kiransa Mai Kunne akwai masu murmushi da haƙori kawai. Mutumin da ke yi wa jama'a wa'azi a kan layu, shi ne ya tsaya a bainar jama'a ya ce amininsa ya yi wa motarsa sammu.

Washegari Barau ya ɗora bencinsa da baturansa a amalanke ya koma can bayan tasha. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma magana ta zaga gari cewa rewayan nan yana ɗaure motocin mutane don su riƙa dawowa wurinsa. Wa zai kai motar da yake ci da ita? Barau ya riƙa wuni shi kaɗai yana korar ƙuda. Matarsa ta daina gaisawa da Zaituna a gidan biki. Da abin ya ishe shi sai ya kai ƙara wurin mai unguwa, Baffa Jaji, ya ce a wanke masa suna ko a tabbatar.

Baffa Jaji dattijo ne marar son hayaniya. Ya ce Gwadabe ya janye ko ya kawo hujja. Gwadabe ya ce hujja tana da ƙafa huɗu. A fita da Barau a ji, a dawo a fita da duk wanda aka zaɓa a ji. Aka sa rana.

Da hantsin ranar ya sha farar riga da sitati, ya fito ƙofar gida, ya ɗaga bonet. Da Barau za a fara, don haka ya zura hannu kamar kullum. Sai wani kaushi a jikin gwangwanin ya karce masa babban yatsa, ya bar masa baƙi. Don kar ya ɓata farar rigarsa ne ya tsaya ya duba, ba don komai ba. A kusurwar gwangwanin ya ga ƙuna, ɗigo-ɗigo, irin cin da tartsatsin wuta ke yi wa ƙarfe. Ya leƙa lungun. Wayar da ya ɗaure ta da ita ta saki da tsufa, layar ta sauko daidai bakin kwayil. A gargada sai ta yi lilo ta taɓa, wuta ta bi gwangwani ta bi waya ta tsere jikin mota, filogai su zauna da yunwa. Bai ɗauki tsawon numfashi uku ba ya gane. Zaituna ta ce ta leƙo daga zaure ta gan shi zaune a ƙasa dirshan, da farar rigar, ya jingina da taya.

Ya ce min Shaiɗan bai taɓa yi masa magana mai ma'ana irin ta ranar ba. Ya jefa ta a masai, ya je ya ce Allah ya kawo sauƙi, a bar maganar. Ko kuma wadda ta fi wannan: yanzu tarin a aljihunsa yake. Ya cire in Barau zai shiga, ya mayar in wani zai shiga, mai unguwa da kansa zai ji da kunnensa, Barau kuma sai dai ya bar garin. Ba wanda zai taɓa sani. Na ce to me ya hana ka? Ya ce shi ma bai sani ba, ya dai tuna Barau ba ya iya cin abinci in ransa ya ɓaci, kuma ya gan shi rannan ya rame har ƙashin wuyansa ya fito.

Ƙofar gidan mai unguwa ta cika. Direbobi, 'yan masallaci, Malam Sharhabilu, har da mu mata daga cikin soro. Barau yana gefe ya harɗe hannu. Gwadabe ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba sai an ƙona mai ba."

Ya ɗaga bonet, ya tayar da inji, ya bar shi yana tafiya sumul. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da abin, ya rataye a gurbinsa kowa na gani. Ya tura shi da ɗan tsinke ya taɓa kwayil. Mota ta shaƙe. Ya janye, ta dawo. Ya sake turawa, ta saki tusar da kowa ya sani. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ba ni tausayi ke nan.

Malam Sharhabilu ya ce, "Malam Gwadabe, wannan mene ne?"

"Laya ce, Malam."

"Wa ya sa ta?"

"Ni."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka zo garin nan."

Ya faɗi sauran da kansa, kansa a ƙasa, yadda yake cirewa in Barau zai buɗe bonet. Gemun nan da yake tinƙaho da shi sai ya zama kamar na aro. Baffa Jaji ya ce ya nemi gafarar ɗan'uwansa. Ya nema. Barau ya ce ya yafe, irin yafewar da ake yi don manya suna wurin, ya sa takalminsa ya tafi.

Mota ta warke daga ranar. Gwadabe ya rufe ta da tamfol, ya koma tafiya a ƙasa. A masallaci ya bar sahun gaba, yakan tsaya kusa da takalma, ya fice kafin a shafa addu'a. Mai Kunne ya koma Mai Gwangwani a bakin direbobi. Ni kaina sai da na ɗaga masa ƙafa na wani lokaci, don ba daɗi ka tsokani mutum yana ce maka gaskiyarki. Abin da ya sa a gaba shi ne bin direbobi ɗaya bayan ɗaya, a tasha, a gidan mai, a bakin kasuwa, yana cewa ƙarya na yi wa Barau, ku mayar masa da aikinku. Wasu suka koma. In motar da ke hannunsa tana son aikin waya, shi da kansa zai tura ta har bayan tasha, ya zauna a kan tsohuwar taya. Barau ya yi aikin, ya sallami mai mota, shi kuwa ko kallo. Damina ta shiga ta fita a haka.

Rannan dai Barau ya gaji. Yana cikin kankare bakin batir sai ya jefar da wuƙar ya juyo.

"Wai kai ba ka da gareji ne? Kullum ka zo ka zauna min kamar mai jiran gawa."

"Aiki na kawo."

"Ka kawo, an yi, tashi." Gwadabe bai tashi ba. Barau ya ce, "Ni za ka ɓoye wa laya? Ni da na san lokacin da kake kuka da dare a Kano kana kiran innarka? Da ka bar ni na gani sau ɗaya, kafin shayi ya huce na gaya maka. Wane irin bakanike ne ke rataye ƙarfe kusa da wuta ko tef babu?"

"Shekara nawa ta yi ba ta taɓa ba?"

"Ka ji ko. Har yanzu musu kake."

"Ba musu nake ba, ɗaurin da kyau, wayar ce ta gaji."

Mutanen tasha suka fara taruwa. Murya ta hau. Barau ya ce ya ji, kunya ta sa Gwadabe ya ɓoye layar, kowa yana da abin da yake ɓoyewa a lungunsa. Abin da ya kasa haɗiyewa guda ne. Garin nan cike yake da masu jin haushin Gwadabe, makanikan da ya raina, direbobin da ya yi wa wa'azi, 'yan bumburutun da ya zaga. Duk ya tsallake su. "Me ya sa ni? Shi nake so ka gaya min a gaban mutanen nan. Me ya sa ni?"

Amsar da Gwadabe ya ba shi ita ta kashe maganar. Barau ya zage shi ƙasa-ƙasa, washegari kuma aka ga amalanke ta nufi gindin darbejiya da benci da batura. Amsar kuwa, Gwadabe ya karkaɗe rigarsa ne ya ce:

"To wa kake so in zarga? Mota ta fi ƙarfin kunnena wata da watanni. Na duba garin nan kaf, ban ga mai hannun da zai iya yi min haka ba sai kai. Da wani na ambata, ai da na raina ka."